Ɗingishi a 'Yan Tumaki: Ciwon Kofato da na Ƙafa, da Yadda Ake Magance Su

Da maraice, sa'ad da garke ya nufo gida, shi ne lokacin da mai kiwo ya fi gane cewa wani abu ya sami tumakinsa. Manya suna gaba, ƙanana suna biye, can baya kuwa ga wani ɗan tunkiya yana tafe yana kaɗa kai, yana ɗage ƙafa ɗaya kamar wanda ya taka garwashi. Abin da akan ce galibi shi ne, "Ƙaya ce ya taka, zai warke." Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa kafin mako biyu ya cika sai a ga masu ɗingishi sun zama biyar, wanda ya fara kuwa ya koma cin ciyawa a durƙushe bisa gwiwoyinsa, duk ya rame.

Asarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Ɗan tunkiyar da ba ya iya bin uwarsa ba ya samun isasshen nono, ba ya kuma kaiwa inda ciyawa take, saboda haka girmansa yakan tsaya a daidai watannin da ya kamata ya yi ƙashi da nama. A gidaje da yawa tumakin nan na mata ne, su ne asusunsu, da su ake yin kayan ɗakin 'ya'ya da ragon suna. Ga kuma hukuncin addini: malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa dabbar da gurguntarta ta bayyana ba ta isar wa mutum layya. Ragon da aka yi wata shida ana ciyarwa, in ya iso kasuwa yana jan ƙafa, to, sai dai mahauci ya taya shi yadda ya ga dama.

An shirya wannan ƙasida ne domin a fahimtar da masu kiwo abu guda. Ɗingishi alama ce kawai, kamar yadda tari yake alama ga mutum. Abubuwan da ke kawo shi suna da yawa, kowanne da maganinsa, maganin wani kuwa ba ya yi wa wani aiki, wani lokaci ma ɓarna yake ƙarawa. Ba a sanin wanne ne sai an kama dabbar an duba ƙafarta, a ranar da aka ga ta fara ɗingishi. An ɗauki ƙasar Wushishi misali domin kusan dukkan dalilan sun taru a can, amma bayanin ya shafi duk mai tumaki a ko'ina cikin ƙasar nan.

Ƙasar Wushishi da ruwanta

Wushishi ƙaramar hukuma ce a Jihar Neja, yamma da Minna, a bakin Kogin Kaduna, garin Zungeru kuma yana cikinta. Damina a wannan yanki takan kama daga Afrilu har Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuwa yakan zarce milimita 1,000, watau ya fi na Katsina ko Sakkwato nesa ba kusa ba. Ƙasa ce mai fadamu, ta noman shinkafa. Madatsar ruwa ta Tungan Kawo da sauran wuraren noman rani sun sa ko a tsakiyar rani akan sami jiƙaƙƙiyar ƙasa inda tumaki ke shiga kalar abin da aka bari bayan girbi.

Da damina gonaki sukan rufe ko'ina, tilas a tsare tumaki a gida, ko a ɗaure su a turke. Wurin da dabba goma suka kwana wata uku, ruwa na sauka, taki da fitsari na taruwa, kowa ya san yadda yake zama a cikin marka. A shekarun da kogi ya yi ambaliya kuwa akan tattara dabbobin unguwa duka a kan ɗan tudu guda, na wannan gida da na wancan. Haɗa da garkunan da ke wucewa kudu da rani su komo arewa da damina, da kuma raguna da ake sayowa daga kasuwannin Zungeru da Beji da Mariga. Tumakin da suka fi yawa a yankin 'Yan ƙasa ne, suna da ɗan juriyar laima. Amma masu turka sun fi son Uda da Balami saboda girman jiki, waɗannan kuwa tumakin ƙasar rairayi ne, zama cikin caɓi yana wahal da su ƙwarai.

Yadda ake duba ƙafa

Kofaton tunkiya tsage yake gida biyu. Bangon waje mai tauri ne, yana tsiro kullum kamar farce, 'yan milimita kaɗan a wata, tafiya a kan busasshiyar ƙasa ce kuma ke cinye shi. Tafin ƙasa ya fi taushi. Tsakanin kofatan biyu akwai fata mai laushi, wadda a lafiyayyar dabba take bushe, da ɗan gajeren gashi. A nan ne yawancin ciwo ke somawa. Ɗan sama da tsagar, ta gaba, akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa mai fitar da maiƙo. Halitta ce, duk tunkiya tana da ita, kada a ɗauke ta rauni a shiga tsokana da tsinke, ko da yake wani lokaci takan toshe ta kumbura.

A zaunar da ɗan tunkiyar bisa gindinsa, bayansa jingine da ƙafafun mai riƙo, ko a kwantar da shi a gefe. A wanke lakar da ruwa. Sa'an nan a duba ƙafafun huɗu duka, ba wadda ake zargi kaɗai ba. A buɗa tsagar a ga launin fatar, a sansana, a taɓa kofaton da tafin hannu a ji ko ya fi sauran zafi, a danna tafin a hankali. Daga nan a bi ƙafar sama da yatsu, gaɓa bayan gaɓa, har kafaɗa ko cinya. In ɗan jariri ne a duba cibiya. A ƙarshe a buɗe baki. Aikin duka bai kai minti biyar ba, shi ne kuma ke raba tsakanin ciwon da ke cikin kofato, da na cikin gaɓa, da na ƙashi, da kuma annoba.

Ruɓewar kofato

Wannan ita ce babbar matsalar damina. Laima mai daɗewa tana jiƙa fatar da ke tsakanin kofatai har ta yi laushi ta tsattsage, kamar yadda ƙafar manomin shinkafa ke yi, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cuta iri biyu ne ke haɗuwa a wurin. Ɗaya, Fusobacterium necrophorum, tana cikin kashin dabbobi kullum, ba yadda za a yi a rabu da ita. Ɗayar, Dichelobacter nodosus, ita ce ainihin mai ɓarnar, domin tana fitar da wani abu da ke narkar da naman da ya haɗa kofato da ƙafa. Wani likitan dabbobi na ƙasar Ostareliya, W. I. B. Beveridge, shi ne ya tabbatar da wannan a cikin rahoton da ya fitar a 1941.

Ciwon yana da mataki biyu. Da farko fatar tsagar takan yi ja ko fari-fari, ta jiƙe, gashin ya zube, amma kofaton kansa lafiya lau. A wannan mataki aka fi samun ƙananan tumaki, kuma abin mamaki ne yadda ɗan wannan rauni ke sa su ɗingishi sosai. In an bar shi sai ƙwayar ta kutsa ƙarƙashin kofato daga wajen dunduniya, ta bi tafin, har ta kai bangon waje. Tafin yakan ɗaye, a ga wani abu toka-toka mai danƙo a ƙarƙashinsa, da wari irin wanda duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Ƙudaje sukan biyo warin su yi ƙwai, tsutsa ta shiga.

Akwai wani hali na wannan ƙwaya da ya kamata kowane mai kiwo ya riƙe. Ba ta iya daɗewa a wajen kofato. A kan ƙasa takan mutu cikin mako biyu, in ƙasar busasshiya ce ma tun kafin haka. Amma a cikin kofaton dabba takan yi watanni, har shekara, tana ɓoye a wani ɗan lungu ko da dabbar ta daina ɗingishi. Ma'anar wannan ita ce, filin kiwo ba ya ajiye cutar daga damina zuwa damina, tunkiya ce ke ajiye ta. Ita ce ke ƙetare rani da ita, ruwa na sauka ta rarraba wa 'ya'yan bana. A ƙasashen Turai sanyin hunturu yakan rage yaɗuwarta. A Wushishi babu irin wannan sanyi, saboda haka abin da kawai ke taka mata birki shi ne bushewa.

Maganin mataki na farko mai sauƙi ne. A wanke tsagar, a bari ta bushe, a fesa maganin feshi mai launin shuɗi na oksitetrasaikilin da ake sayarwa a kantunan maganin dabbobi, a tsai da dabbar a busasshen wuri. Cikin kwana biyu ko uku akan ga sauƙi. In kuwa kofato ya riga ya ɗaye, feshi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da allurar oksitetrasaikilin mai daɗewa a jiki, wadda makiyaya suka fi sani da LA. Irin mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, ma'auninta mililita 1 ne ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, a cikin tsoka. Ɗan rago mai kilo 15 ke nan mililita ɗaya da rabi. Malamin dabbobi ne ya kamata ya auna ya yi, gama rage ma'auni don tsimi yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ƙarawa kuma yana ƙona tsoka. Dabbar da aka yi wa wannan allura ba a yanka ta don ci sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika, sukan kai mako uku ko fiye. Mai shirin layya ya yi lissafin wannan tun da wuri.

Sai batun wuƙa. Shekaru da yawa koyarwar malaman dabbobi a ko'ina cikin duniya ita ce a fere ruɓaɓɓen kofato sosai domin iska ta shiga, tsofaffin littattafai duk haka suka ce. Yanzu an bar wannan. Wani gwaji da masana na Jami'ar Warwick ta Ingila suka buga a 2010 ya nuna cewa tumakin da aka yi wa allura da feshi ba tare da fira ba sun fi saurin warkewa a kan waɗanda aka fere wa kofato. Dalilin a fili yake. Wuƙa tana yanka nama mai rai, tana ƙara rauni a kan rauni, tana kuma ɗaukar cutar daga wannan ƙafa zuwa waccan. Tsawon da ake gani a kofaton gurguwar tunkiya ya samu ne domin ta daina taka ƙafar, in ta warke ta koma tafiya ƙasa za ta cinye shi da kanta. Inda wuƙa ke da amfani shi ne lafiyayyen kofato da ya yi tsawo har ya lanƙwashe, irin na ragon turke da ba ya yawo. Shi ma abin da ya zarce tafin kaɗai za a rage, kada a ga jini, a kuma wanke wuƙar da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a koma kan wata dabba.

Idan ciwon ya kama 'yan tumaki da yawa a lokaci guda, wankin ƙafa na garke ya fi sauƙi. Mafi aminci shi ne garin zink salfet, kilo 1 a ruwa lita 10, watau kilo 2 a jarka mai lita 20. A zuba a kwami mai faɗi ko rabin durom na roba, ruwan ya rufe kofato, a tsai da su minti 15 zuwa 30. Dole ƙafafun su zama a wanke kafin su shiga, in sun fito kuma su tsaya a kan daɓe ko siminti busasshe na kamar sa'a guda. Wanda ya fitar da su ya mai da su cikin lakar da suka fito, ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Ana kuma amfani da fomalin, amma kada ya wuce kashi 3 cikin 100, yana da zafi ƙwarai a kan buɗaɗɗen rauni, tururinsa kuma yana cutar da mai aikin. Shuɗin garin nan na kofa salfet ya fi kyau a bar shi, domin tunkiya ba ta jure sinadarin tagulla, in ta sha ruwan tana iya mutuwa.

Bisa halin ƙwayar da aka bayyana, tsarin kariya ya fito da kansa. A ware masu ciwo. A ɗaga makwancin tumaki ya fi tsakar gida tudu, a yi masa rumfa da magudanar ruwa, a riƙa kwashe taki ana kai wa gona, a zuba yashi ko ƙaiƙayin shinkafa, wanda ba shi da wuyar samu a ƙasar Wushishi. A riƙa matsar da turke da kwanon ruwa. Wurin da masu ciwo suka zauna a bar shi mako biyu ba dabba. Sabon ragon da aka sayo a duba ƙafafunsa tun a kasuwa, a gida kuma a tsare shi shi kaɗai mako huɗu. Tunkiyar da ciwon ya dawo mata sau biyu ko uku duk da magani, gara a sayar wa mahauci da rani bayan kwanakin allura sun fita, komai kyanta. Shawara ce mai ɗaci ga wanda tumakinsa ba su fi biyar ba, amma ita ce ke kashe wa sauran kasuwa kowace shekara.

Ciwon gaɓoɓi na jarirai

In ɗan tunkiya bai fi wata guda da haihuwa ba ya kama ɗingishi, da wuya a sami laifin a kofato. A taɓa gwiwa da gaɓar ƙafar baya. Za a ji ɗaya ko biyu sun kumbura, da zafi, yana kuka in an lanƙwasa. Yakan yawaita kwanciya, ya rage shan nono, wani ma ya kasa tashi sam domin ciwon ya kama gaɓar wuya ko ta gadon baya.

Ƙofar da wannan ciwo ya fi bi ita ce cibiya. Ɗanyar cibiya buɗaɗɗiyar hanya ce zuwa cikin jini. In an haihu a kan taki mai laima, ƙwayoyin cuta sukan bi ta nan, jini ya kwashe su ya sauke a gaɓoɓi, bayan kwana biyar zuwa mako uku sai kumburi ya bayyana. Mai kiwo ba ya haɗa abin da yake gani yau da haihuwar da aka yi makon jiya a gindin turke, shi ya sa akan ce iska ce, ko uwar ce ta taka shi.

Abu biyu ke tsare jariri. Na farko aidin mai ƙarfi, na kashi 7 zuwa 10 cikin 100. A zuba a ɗan murfin kwalba a tsoma cibiyar duka har gindinta da zarar an haihu, a sake bayan sa'a biyu zuwa huɗu. Toka da ƙasa da baƙin man mota ba su da wuri a nan. Na biyu daƙashi, watau nonon farko mai kauri. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan, daga daƙashi yake samunta, hanjinsa kuwa yana iya tsotse ta ne sosai a sa'o'i shida na farko, bayan kwana guda ƙofar ta rufe. Abin da yake bukata a yini da daren farko ya kai mililita 200 ga kowane kilo na nauyinsa, watau fiye da rabin lita ga jariri mai kilo 3. Uwar da ta rame a ƙarshen rani ba ta da wannan. Saboda haka ƙafar ɗan tunkiya tun yana ciki ake kiyaye ta, ta hanyar ƙara wa uwar harawa da ɗan dusa a makonni shida na ƙarshen cikinta na wata biyar. In tagwaye ne a lura ƙaramin ya sha.

Wanda ya riga ya kamu yana bukatar allurar fenisilin kowace rana har kwana 7 zuwa 10, a hannun malamin dabbobi, a fara tun ranar farko. Allurar LA da ke warkar da ruɓewar kofato sau da yawa ba ta cin ƙwayar da ta fi kawo wannan ciwo. In an yi jinkiri mugunya takan cinye guringuntsin gaɓar, ko ɗan ya rayu ƙafar ta sandare ke nan. Kada a tsaga gaɓa da aska, kada a yi mata lalas da ƙarfe mai zafi. Ta cibiyar nan ce kuma cutar sarƙe haƙora ke shiga, wadda ke sandarar da ƙafafu huɗu gaba ɗaya, da wuya kuma a tashi daga gare ta.

Kaska, ƙaya da igiya

Babbar kaska mai zane a baya, wadda ke yawaita da farkon damina, tana da dogon baki, tana kuma son maƙalewa a tsagar kofato. Guda ɗaya ta isa ta gurgunta ɗan rago. A cire ta a hankali kada kan ya karye a ciki, a sa aidin. Ita ce kuma ke share wa kirci hanya, wanda a tumaki yakan fito da ɓawo mai kauri daga saman kofato zuwa gwiwa. Ƙaya, guntun kara, ƙusa, ko busasshiyar laka da ta daskare a tsaga, duk cirewa ne da wankewa. In ƙafa ɗaya ta kumbura a saman kofato, da zafi kamar wuta, ba wari, to, ƙurji ne a ciki, aikin likita ne.

Igiyar leda da ake ɗaure ƙafa da ita tana yanka fata sannu a hankali, ɗan rago na girma ita kuwa ba ta girma. A ɗaura a wuya da igiya mai faɗi, a riƙa sa yatsa biyu a ƙarƙashinta ana gwadawa. Karaya a ƙasan gwiwa kuwa ba dalilin yanka ba ce. Ƙashin ƙaramin dabba yakan haɗe cikin mako uku zuwa huɗu in an yi ɗori da auduga ko tsumma mai laushi a ƙarƙashin itacen, ba a kuma matse har jini ya tsaya ba.

Abin da ke zuwa daga kwanon abinci

Gidan da ya fi son ragonsa shi ya fi jawo masa wannan. An sayo ɗan rago daga daji, bai san komai ba sai ciyawa, ran nan sai a cika masa kwano da tsaki da dusa da ragowar tuwo da ƙanzo. Ko kuwa ya kwance da dare ya faɗa wa buhun masara. Hatsin yakan yi tsami a tumbinsa, tsamin ya shiga jini, ya taɓa naman da ke cikin kofato. Za a gan shi tsaye ya ƙi motsi, kofatan gaba ko duka huɗu da zafi, ba rauni ba wari, sau da yawa da gudawa. In ya tsira kofaton yakan fito da zobe-zobe ya miƙe kamar takalmi. A janye hatsin nan take, a ba shi busasshiyar ciyawa da ruwa, a kira malami. Hanyar kauce masa ita ce a fara hatsi da ɗan tafi guda, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku, harawa kuma kada ta yanke.

Akwai kuma lanƙwasar ƙafa a raguna masu tasowa. Ƙashi yana ginuwa da sinadari biyu, kalsiyam da fosfaras, abinci kuma ya kamata ya ƙunshi na farkon kamar ninki biyu na na biyun. Dusa, ko ta masara ko ta shinkafa ko ta alkama, akasin haka take, fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam kaɗan. Ragon da aka rena da dusa da ƙasari zalla ƙafafunsa na gaba sukan gwame, gaɓoɓi su yi kauri ba tare da zafi ba. Wannan abincin ne kuma ke sa tsakuwa ta toshe wa rago mafitsara. Harawar gyaɗa da ta wake suna da kalsiyam sosai, su ne gyaran dusa. Ana iya ƙara garin dutsen da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na dusar. Kanwa da gishiri suna da amfaninsu, amma ba sa cike wannan gurbi. Dutsen lasa da aka yi don shanu a karanta takardarsa tukuna, gama wani yana da tagullar da ta fi ƙarfin tunkiya. Ragon da aka kulle a ɗaki mai duhu wata da watanni saboda tsoron ɓarayi, a riƙa fito da shi hantsi, domin sai da hasken rana jiki ke sarrafa abin da ke ƙarfafa ƙashi.

Boru

In tumaki da yawa sun kama ɗingishi cikin kwana ɗaya ko biyu, manya da ƙanana, da zazzaɓi, musamman in an ji shanun makwabta suna dalalar da miyau, to, a yi zargin boru, ciwon baki da kofato. A tumaki alamarsa ba ta fita sosai kamar a shanu. 'Yan ƙuraje ne masu ruwa a inda kofato ya haɗu da gashi, da cikin tsaga, da kan dasashi, sukan fashe da wuri su bar ɗan jan tabo. Jarirai kuwa sukan faɗi matattu ba wata alama, domin cutar tana kama musu zuciya. Wannan ɓoyuwa ita ce haɗarin. A annobar da ta auka wa Ingila a 2001, tumakin da ba a gane suna ɗauke da cutar ba ne suka bi kasuwanni suka watsa ta, kafin a shawo kanta an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6.

Ƙwayar boru bairas ce, allurar LA ba ta kashe ta, iyakarta ta hana raunukan ruɓewa. Cuta ce da doka ta wajabta a ba da rahotonta, a ƙarƙashin dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988 wadda aka sabunta a 2022. Mai garke ya sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin likitan dabbobi na jiha, wanda ga mutanen Wushishi yana Minna. Zai taimaka ƙwarai in ya tafi da amsar tambayoyin da za a yi masa: dabba nawa suka kamu cikin nawa, shekarunsu, ranar da aka fara gani, ko an sayo sabuwar dabba kwanan nan da kasuwar da ta fito, da kuma ko shanu ko awaki na kusa sun kamu. Ma'aikata za su ɗebi ɓawon ƙurji da jini su aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, inda ake wannan aiki tun 1924, domin a san irin ƙwayar, gama boru iri-iri ne, rigakafin wani iri kuma ba ya kare dabba daga wani.

Kafin ma'aikata su iso, garken ya zauna a gida. Kada a kai ko ɗaya kasuwa, ko da wanda ake gani lafiyayye ne, kada a ba da aron rago don barbara, kada kuma a kora su mashayar da kowa ke zuwa a bakin kogi, a ɗebo musu ruwan a kawo. Wanda ke kula da su ya wanke hannu da takalmi kafin ya shiga wani garke. Jariran da suka mutu a binne su da zurfi inda karnuka ba za su tono ba, nesa da rijiya.